Katangar da Ta Tare Ruwa

Ya 'yan uwa, ku matso gaba. Ku da kuka tsaya a bakin ƙofa, akwai wuri a nan, ba na cizo.

An yi wani mutum a wannan kwarin namu, a ƙauyen da ke gaba da mu in ka bi hanyar kogi. Ba zan faɗi sunansa ba, domin 'ya'yansa suna raye, kuma ba su suka yi laifin ba. Dattawan cikinku sun riga sun gane shi. Ku dai riƙe bakinku.

Mutumin nan ɗan kasuwar dabino ne. Ubansu ya rasu ya bar musu gona, shi da wansa Addi, suka raba. Addi mutum ne mai sanyin hali, in ya sami shayinsa da burodinsa shi ke nan. Ƙanen kuwa Allah ya ba shi kai. Ya san dabino, ya san kasuwa, ya san yadda ake magana da manyan 'yan kasuwar birnin Fas har su yarda cewa kowace kaka daga wurinsa za su yi lodi.

Amma akwai abin da ke cin sa a rai tun yana saurayi. Shekarar da kogi ya yi ambaliya, ruwa ya shiga rumbun ubansu, ya ga wahalar shekara guda tana yawo cikin laka. Ya ga ubansa, dattijo mai mutunci, ya tsaya gaban baƙin da suka zo saye, ya sunkuyar da kai yana ba da haƙuri. Tun daga ranar ya ƙudurta cewa kasuwancinsa ba zai taɓa tsayawa ba, ko me zai faru a duniya.

Sai ya zauna yana tuno masifu ɗaya bayan ɗaya, yana yi wa kowace shiri. Ambaliya? Ya gina sabon rumbu a kan tudu. Lantarki ya ɗauke? Ya sayi janareta, ya ajiye tankin mai a gefensa. Ƙanƙara ta rufe hanyar dutse, motoci sun kasa wucewa? Ya gina ɗakin sanyi, inda dabino zai yi watanni bai canza ba. Har cutar nan da ke kama bishiya daga saiwa ya yi wa tanadi, ya nemo irin da ba ta cika kamawa ba ya dasa.

Ku saurare ni da kyau a nan. Kada wani malalaci ya fita daga masallacin nan ya ce liman ya ce tanadi haramun ne. Ban faɗa ba. Duk abin da na ambata hankali ne, kuma da yawanku da kun yi rabinsa da ba ku zo kuna yi mini kuka duk shekara ba. Addini bai hana mutum shiri ba.

To, ina laifin ya shigo?

Ya shigo ne ranar da mutumin nan ya dubi maƙwabtansa, ya sa su cikin masifun da yake tsoro.

Kun san yadda ruwa yake a ƙauyensu, kamar namu ne. Yana fitowa daga gindin dutse ta ramin da kakanni suka haƙa a ƙarƙashin ƙasa, ya taru a tafkin da ke saman gari. Daga nan sarkin ruwa yake buɗe wa kowa a ranarsa. A lokacin Baba Basu ne sarkin ruwa, tsoho mai ƙaramin jiki da babbar murya. Kowace shekara kafin zafi ya shigo, ana gayya, a yashe magudana, a hau bishiyoyi a sare busassun rassa a fitar da su daga gonaki.

Kuma akwai dokar da ta girmi kowa. In aka ga hayaƙi a cikin gonaki, babu sauran maganar ranar wane ko rabon wane. A buɗe tafki gaba ɗaya, a tura ruwan inda gobarar take, ƙasa ta jiƙe, mutane su tsaya a cikin magudana suna ɗiba suna watsawa. Shi ya sa magudana take ratsa gonar kowa. Shi ya sa katangunmu na laka ne, iyakarsu ƙirji, kowace da ramin ruwa a gindinta.

Mutumin nan ya dubi wannan tsari sai ya ga rauni kawai. In rami ya rufta, sai ya jira gayya. In fari ya zo, rabonsa ya ragu. Bishiyoyinsa, da alkawarinsa da mutanen Fas, duk suna hannun wani tsoho mai shebur. Abin ya hana shi sukuni.

Ya ɗauko masu inji daga birni, suka haƙa masa rijiyar burtsatse mai zurfin da ba a taɓa gani ba a kwarin. Ruwa ya fito da ƙarfi. Sai ya aika wa Baba Basu cewa ya yafe rabonsa, kuma kada a ƙara kiran sa gayya. Bai tsaya nan ba. Ya ce awakin mutane suna shigar masa, ya ce cuta tana bin ruwan gari daga gona zuwa gona. Ya sa aka kewaye gonar da katangar siminti, da ƙarafa a cikinta, tsayinta ya ninka na mutum, da ƙofar ƙarfe guda ɗaya ta wajen titi. Gonarsa ce ta ƙarshe a kan magudana, babu kowa a bayansa, don haka ba wanda zai kai shi ƙara in ya toshe ta.

Ranar da magina suka iso wurin ramin ruwan, Baba Basu ya tako da sandarsa, Addi yana biye da shi. Mutumin ya sa aka kawo musu shayi, don ba marowacin shayi ba ne.

Baba Basu ya ce, "Ɗana, ka bar wa ruwa ƙofa. In ba ka son rabonka, kada ka sha, amma ka bar ramin."

Ya ce, "Baba, ramin da ruwa zai bi, ɓera ma zai bi, yaran mutane ma za su bi. Ni na gaji da jira. Ruwana yana ƙarƙashin ƙafata, in na danna ya fito."

"Ka san ba don ban ruwa kaɗai aka yi magudanar nan ba."

"Na sani, Baba. Ina da tiyon da zai kai kowane lungu na gonar nan. Na yi tunanin komai."

Addi ya kurɓi shayi ya ce, "Ka ji shi ko, Baba? Saura ya yi wa gonar rufi, kada tsuntsu ya yi masa kashi a kan dabino."

Ƙanen ya yi dariya ya ce, "Kai dai Yaya, ka ji da awakinka."

Baba Basu bai shanye shayinsa ba. Ya ajiye kofin ya tashi. Kafin su kai bakin titi, magina sun zuba siminti a ramin. Daga ranar mutanen gari suka laƙaba masa suna Mai Katanga, shi kuwa sunan daɗi yake masa.

Sai fari ya zo, ya zauna. Shekara ta wuce, wata ta biyo, sama ba ta ce komai ba. Rijiyar mutumin nan tana zuƙa dare da rana, ruwan ramin kakanni kuwa yana ta raguwa. Ba na ce shi kaɗai ya shanye shi ba, fari ma ya ci nasa. Amma kowa ya ga cewa gonakin da ke kusa da katangarsa su suka fara bushewa, kuma ta Addi ce a kan gaba.

Samari suka fara barin gari, wasu birnin Tanja, wasu birnin Agadir. Aka kira gayya, tsofaffi ne suka fito. Wa zai hau bishiya a cikinsu? Busassun rassa suka yi ta taruwa a wuyan bishiyoyi, suna lilo, ba mai sarewa. In iska ta kaɗa, daga nesa za ka ji gonakin suna ƙaraurau.

A cikin katanga kuwa kore shar. Dabino ya yi tsada a ko'ina, shi kaɗai ke da na sayarwa a duk kwarin. Ya tsaya a kasuwar Talata, a gaban mutanen da bishiyoyinsu ke mutuwa, ya ce, "Ko kwarin nan duka ya bushe, ni aikina ba zai tsaya ba." Waɗanda suka ji shi suka dubi juna.

Wata safiya Addi ya zo ƙofar ƙarfen ya ƙwanƙwasa. Bai saba roƙo ba, maganar da ƙyar ta fito.

Ya ce, "Bishiyoyin mahaifinmu ne suke mutuwa a wajena. Ka jefo mini tiyon nan ta saman katanga, ko sau ɗaya a mako."

Ƙanen ya ce, "Yaya, ruwan nan na auna shi daidai da bishiyoyina. In na ba ka yau, gobe maƙwabcinka Muha zai zo, jibi gari duka. Shirin da na yi na mutum ɗaya ne."

"Nono ɗaya muka sha, ni da kai."

"Ban manta ba. In aiki kake so, ina neman mai gadin ƙofa."

Addi ya dube shi, ya gyara rawaninsa ya juya.

Ya 'yan uwa, ruwa fa! Abin da kare ma in ya zo da ƙishi ake ba shi. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan maganar sai raina ya ɓaci. Mutum ya hana ɗan uwansa ruwa, ya kira abin tsari.

Itto, matar Mai Katanga, ba ta yi shiru ba. Ta hau soro shanya, ta sauko. Ta ce, "Maigida, ka hau ka gani da idonka. Gonar Yaya ta zama itacen girki, kuma a jikin katangarka take. Ko don kanka ka ba shi ruwan nan."

Ya ce, "Itto, kin taɓa ganin siminti ya kama da wuta? Ki je ki duba kuskus ɗinki kada ya ƙone, shi ne gobarar da ta shafe ki."

Ranar da abin ya faru, tsakiyar zafi ce, bayan azahar. Iskar gabas ta taso tun da safe, irin wadda in ta buge ka kamar an buɗe maka bakin tanda. Har yau ba a san mafarin wutar ba. Wasu sun ce gawayin mai shayi ne, wasu sun ce guntun sigari. A gefen gonar Addi aka fara ganin hayaƙi, iska kuma tana tura shi nesa da gari, kai tsaye zuwa katanga.

Wanda bai taɓa ganin gobarar dabino ba yana zaton wuta a ƙasa take tafiya. A sama take tafiya. Tana kama busassun rassa a wuyan bishiya, iska ta fizge su suna ci, ta jefa su kan ta gaba. Wa ya taɓa gina katangar da ta fi bishiyar dabino tsayi? Wutar ko kallon simintin ba ta yi ba, ta bi ta kansa ta sauka a ciki.

Mutumin bai firgita ba da farko, ai ya shirya. Ya ja tiyo, ya danna, ruwa ya fito. Sandar lantarki ta ci wuta ta faɗi, ya ruga ya tayar da janareta, ruwa ya dawo. Sai wani reshe mai ci ya faɗo kan rumfar janaretan, inda tankin man yake. An ji ƙarar har ƙauyenmu. Tiyon da ke hannunsa ya yi laushi, ya tofar da ɗan abin da ya rage, ya yi shiru. Ma'aikatansa suka yi ta kansu ta ƙofar titi.

A cikin gari, ladan ya hau lasifika. Mutane suka taru a bakin tafki. Ku gane abin da ke cikin tafkin nan: ɗan ruwan da suka yi ta tattalawa ne, wanda suke fatan zai raya musu sauran bishiyoyinsu har zafi ya wuce. Kuma wutar ba su take nufa ba. Gonar mutum ɗaya ce a gabanta.

Muha, wanda gonarsa ta riga ta mutu, ya tsaya gaban makarin ruwan ya ce, "Don wa za a buɗe? Don mutumin da ya ce ba ya bukatarmu? Ya danna mana, ruwa ya fito!"

Baba Basu ya ce, "Muha, hayaƙi na gani, ban ga sunan kowa a jikinsa ba. Matsa."

Aka buɗe. Addi da kansa ya bi magudana da gudu, da tsufansa, yana toshe duk wata hanyar da ruwan zai ratse, don ya tafi kai tsaye gonar ƙanensa. Ruwan gari duka ya gangaro, mutane suna biye da shi da bokitai da diga.

Ruwan ya iso gindin katanga ya tsaya.

Ina wurin, ya 'yan uwa. Mun ji ƙarar mun rugo, ni ma an miƙo mini diga. Muka tsaya cikin ruwa har gwiwa muna saran simintin nan. Diga tana tsalle tana dawowa. Inda muka samu ya ɓare, sai ƙarfe ya bayyana. Ƙofar tana can ɗaya gefen, kuma tsakaninmu da ita wuta ce. Ta cikin katanga muna jin Mai Katanga yana dukan wuri guda da guduma, yana ihu, muryarsa ta dushe.

"Yaya! Ku fasa ta! Don Allah ku fasa ta!"

Addi yana sara yana kuka, yana cewa, "Muna fasawa! Me ka zuba a cikinta haka?"

Ruwan ya cika magudana, ya tumbatsa, ya malale gefe cikin busasshiyar ƙasa, yashi ya yi ta sha muna kallo. Taku kaɗan ne tsakaninsa da bishiyoyin da ke ci. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan lokacin ba. Da motar kwana-kwana ta iso daga birni wajen la'asar, rumbu ya rufta, ɗakin sanyi ya zama toka. Addi ne ya jiƙa rigarsa ya kewaya ta titi, ya jawo ƙanensa waje, hannayen ƙanen duk sun sale.

Kuna tsammanin nan labarin ya ƙare? Akwai sauran dama guda, kuma duk mai dabino a cikinku ya san ta. Bishiyar da ta ƙone ba lallai ta mutu ba. Jikinta zai yi baƙi ƙirin, amma zuciyarta can sama tana iya rayuwa. In ta sami ruwa sosai cikin 'yan kwanakin farko, sai ka ga kore ya leƙo daga tsakiyarta.

Mutumin ya aika a duba rijiyarsa. Bututun ya narke, injin ya faɗa can ƙasa ya toshe ramin. Masu haƙa suka ce sai dai sabuwa, kuma ba yanzu ba.

Washegari sai ga shi a masallacin garinsu bayan la'asar, hannaye naɗe da tsumma. Ya tsaya a gaban mutanen da ya yi wa magana a kasuwa. Ya buɗe baki, abin da ya iya faɗa kawai shi ne, "Ku taimake ni da ruwa."

Ba wanda ya gaya masa baƙar magana, har Muha. Baba Basu ya ce, "Mun ba ka, ɗana. Ranar kowa ta zama taka. Amma zo mu je ka gani."

Ya kai shi bakin tafki. Laka ce ta tsattsage, sai wani siririn ruwa da ke ɗigowa daga ramin kakanni, bai fi kaurin hannu ba. Abin da fari da rijiyarsa suka bari ke nan.

Duk da haka aka gwada. Aka kwana biyu ana saran katangar har aka huda ta. Aka tura ɗan ruwan nan ya gangaro. Magudana mai tsawo, rana mai zafi, ƙasa mai ƙishi. Kullum sai ya ƙafe a hanya, bai taɓa kaiwa ramin da aka huda ba. Mutumin ya koma jido da bokiti, da ƙonannun hannayensa, yana zuba wa wannan, yana zuba wa waccan. Bokiti nawa zai ishi gona guda? Yana ɗaga kai kowace safiya yana neman kore a saman bishiyoyin. Bai gani ba, ko a guda.

Kasuwancin da ya rantse ba zai tsaya ba ya tsaya, bai sake tashi ba. Mutanen garin ma sun yi asarar bishiyoyi a wannan shekarar, saboda ruwan da suka zubar dominsa. Wannan ne ya fi cin sa. Ya daina fita kasuwa, ya daina haɗa ido da mutane. A ɗakin da Addi ya ware masa a gidansa ya ƙare kwanakinsa. Allah ya gafarta masa, ya yi nadama, na shaida.

To, ya 'yan uwa, ni da ku. Ku yi shiri. Mai shago, ka san inda za ka kai kayanka in ruwa ya shigo. Mai tanda, ka san abin da za ka yi in fulawa ta yanke. Mai gona, ka sare busassun rassanka, tun jiya ya kamata. Amma in ka gama shirinka, ka dube shi ka tambayi kanka: ina maƙwabcina a ciki? In shirinka sai ya bushe kai kake kore, to, itacen da zai ƙone ka kake tarawa a jikin gidanka. Masifa ba ta san iyakar gona ba. Kuma ranar da duk abin da ka saya ya daina aiki, mutanen da ka rufe wa ƙofa su ne za su zo da gudu. Ta ina za su shigo?

Na ga wasunku suna auna sabuwar katanga a hanyar kogi. Ban kira suna ba. Gayya tana nan ranar Asabar, kuma zan tsaya a bakin magudana in ga wanda bai zo ba.

Ya Allah, kada ka bar mu da dabararmu ko na ƙiftawar ido. Kada ka sa mu hana ɗan uwa abin da kai ka ba mu kyauta. Ka tsare gonakinmu da gidajenmu daga gobara da fari, ka tsare zukatanmu daga girman kai. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Ku tashi mu yi salla.